Ƙuri'ar Kamaru ta Arewa: Ranar da Masu Hasashe Suka Sha Kunya

Tun ran 28 ga watan Janairu na 2024, sa'ad da gwamnatocin soja na Nijar da Mali da Burkina Faso suka ba da sanarwar za su fice daga ƙungiyar ECOWAS, maganar ɓallewa ta zama abin taɗi a majalisun hira na Arewa, daga bakin kasuwar Jimeta har zaurukan cikin garin Yola. Wani ya ce jama'ar Nijar kakaf suna bayan sojojinsu, wani ya ce tsoro ne ya rufe musu baki, kowa kuwa da gidan rediyon da ya jiyo nasa zancen. Ficewar ta tabbata ran 29 ga Janairun 2025, ba tare da an kafa akwati ko ɗaya an tambayi talaka ra'ayinsa ba. Saboda haka duk mai cewa ya san abin da ke zuciyar mutanen waɗannan ƙasashe, kintace yake yi, ko da kuwa kintacen nasa ya dace.

Mutanen Adamawa sun fi kowa cancantar yin hattara da irin wannan kintace, gama a ƙofar gidansu aka taɓa yin irinsa, aka kuma ga inda ya ƙare. Yara da yawa na yanzu ba su san cewa Mubi da Michika da Madagali da Ganye da Jada, da Gembu can kan tsaunin Mambila, ƙiris ya rage su zama ba Nijeriya ba. Sau biyu aka kira mutanen waɗannan wurare su jefa ƙuri'a a kan makomarsu, a 1959 da kuma 1961.

Asalin maganar tsohuwa ce. Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, ƙasar Fombina da ke ƙarƙashinta kuwa ta miƙa har Garwa da Ngaundare. Da Turawa suka zo, Ingilishi suka ci Yola a 1901, Lamido Zubairu ya fita, Jamusawa suka kwashe mafi yawan ƙasar, aka bar Lamido da hedkwata da ɗan abin da ke kewaye da ita. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka ƙwace Kamaru daga hannun Jamus, Faransa ta ɗauki kaso mai tsoka, Ingila ta sami wani siririn yanki da ya bi iyakar Nijeriya daga Tabkin Cadi har bakin teku. Wannan yanki ba mallakar Ingila ba ne, amana ce aka ba ta, kuma daga 1946 Majalisar Ɗinkin Duniya ce ke sa ido a kan amanar. Don sauƙin mulki sai Ingilishi suka raba shi biyu, suka liƙa ɓangaren arewa da lardunan Jihar Arewa: Dikwa ta bi Barno, wani ɗan yanki na kudu ya bi lardin Binuwai, sauran duka aka sa ƙarƙashin En'e ta Adamawa, watau ƙarƙashin Lamido a Yola.

Akwai wani abu a taswirar da ya kamata mai karatu ya riƙe. Kamaru ta Arewa ba a haɗe take ba. Gida biyu ce, ɗaya arewa da kogin Binuwai, ɗaya kudu da shi, a tsakaninsu kuwa akwai kwarin da Yola da Jimeta suke. Garuruwan nan biyu ba su cikin ƙasar amana. Ke nan fadar da ke naɗa hakimai, da ofishin Razdan, da baitulmalin da harajin Mubi da Ganye ke shiga, da 'yan kasuwar Jimeta masu jiran jiragen ruwa da damina, duk suna zaune ne a wurin da ba shi da ƙuri'a ko ɗaya a wannan al'amari. Daga nan ne kuma labarin lardi yake tashi ya tafi Kaduna.

A ƙarshen 1958 Majalisar Ɗinkin Duniya ta aiko da wata tawaga ta zagaya ƙasar amana. Tawagar ta gana da sarakuna da majalisun En'e da wakilan jam'iyyu, ta koma ta rubuta rahoto cewa ra'ayin mutanen Kamaru ta Arewa a fili yake, suna so su dawwama cikin Jihar Arewa, har ta ga babu bukatar a wahalar da kowa da jefa ƙuri'a. Gwamnatin Ingila ta yarda da haka, gwamnatin Kaduna ma haka. Ba za a ce 'yan tawagar ƙarya suka shirya ba. Abin da aka faɗa musu suka rubuta. Sai dai wanda ya sauka a gidan hakimi, tafintan hakimi ya yi masa fassara, dogarin hakimi na tsaye a bakin zaure, to, ra'ayin hakimi zai kwasa ya tafi da shi, ko da mutum ɗari ne suka yi magana.

Babban zauren Majalisar bai gamsu ba. A watan Maris na 1959 ya yanke shawara a yi ƙuri'ar raba gardama, aka naɗa Dokta Djalal Abdoh, mutumin Iran, ya zama kwamishinan da zai sa ido. Tambaya biyu aka ajiye. Ta farko, ko mutum yana so Kamaru ta Arewa ta zama ɓangaren Jihar Arewa idan Nijeriya ta sami mulkin kai. Ta biyu, ko ya fi so a ɗage maganar sai wani lokaci nan gaba. Maza kaɗai ke cikin rajista, domin da rajistar zaɓen tarayya aka yi aiki.

Ran 7 ga Nuwamba aka jefa ƙuri'a. Masu son zama da Jihar Arewa suka tashi da 42,788. Masu cewa a dakata suka sami 70,546, watau wajen kashi 62 cikin ɗari. Abin da manyan baƙi daga ƙasashen duniya suka ce ba ya ma bukatar tambaya, shi ne talakawa suka ƙi da rinjaye mai yawa.

Yaya aka yi kowa ya kasa hango wannan? A nan ne ya kamata a dubi kafofin labarai na lokacin. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, da 'yar'uwarta ta Turanci Nigerian Citizen, duk a ƙarƙashin kamfanin Gaskiya suke, shi kuwa na hukuma ne. Can Kudu, West African Pilot ta Dokta Azikiwe ce, Nigerian Tribune ta Cif Awolowo ce. Kowace jarida da uban gidanta, kuma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ga zaɓen tarayya yana tafe a watan Disamba, wata guda kacal bayan ƙuri'ar, don haka duk abin da ya faru a Mubi, a idon Kaduna da Ikko da Badun, ma'auni ne na ƙarfin NPC ko rauninta. Amma son kai na masu jarida shi ne ƙaramin ciwon. Babban ciwon shi ne hanyar da labari yake bi. Masu iya rubutu a lardi a wancan zamani galibinsu ma'aikatan En'e ne, malaman hakimai da malaman makaranta da na asibiti, masu cin albashi daga baitulmalin Yola. Manomin da ke kan duwatsun Mandara, mai jin Margi ko Higi ko Fali ko Gude, ba ya karanta jarida, jarida kuma ba ta zuwa inda yake. Ba a ɓoye muryarsa da gangan ba. Babu dai wanda aikinsa ne ya je ya ɗauko ta.

Shi kuwa yana da abin faɗa. Mutanen duwatsu da Chamba na kudu sun daɗe suna kuka da hakiman da ake turo musu daga Yola, da yadda ake karɓar haraji, da shari'ar da ake yi musu a kotunan da ba su san al'adarsu ba, da ƙarancin makarantu da hanyoyi. Tsofaffinsu kuma ba su manta da zamanin hare-haren bayi ba. Hamman Yaji, hakimin Madagali wanda Turawa suka tuɓe a 1927, ya bar littafin tarihin kwanakinsa inda aka lissafa hare-haren da ya aika kan ƙauyukan dutse. Daga tuɓe shi zuwa ranar ƙuri'a shekara 32 ce kawai, waɗanda suka ga abin da idonsu suna raye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ranar da aka ba shi takarda, aka ce ya shiga bayan labule shi kaɗai, ba dogari ba tafinta, sai ya faɗi abin da bai faɗa wa tawaga ba.

'Yan siyasa masu hamayya sun gane wannan tun kafin 'yan jarida. Action Group da abokiyar tafiyarta UMBC, da wata sabuwar jam'iyya ta 'yan ƙasar mai suna NKDP, suka shiga ƙauyuka suna kiran a zaɓi dakatawa. Tambaya ta biyun kuma buhu ce mai faɗin baki, kowa na iya zuba abin da yake so a ciki. Ga wani, dakatawa na nufin Bature ya ci gaba da zama. Ga wani, tana nufin rabuwa da hakiman Yola. Ga 'yan NKDP, mataki ne na haɗuwa da Kamarun Faransa. Ga Action Group kuwa, hanya ce ta kunyata Sardauna ana gab da zaɓe. Mutum dubu saba'in sun jefa takarda cikin akwati ɗaya, amma ba abu ɗaya suke nufi ba.

Da sakamako ya fito sai hasashe ya juya baya, ya kama wata hanyar da gudu. Waɗanda jiya suke cewa jama'a duk na Nijeriya ne sun yi shiru, wasu sabbin masana suka taso suna cewa jama'a sun ƙi Nijeriya, Kamaru suke so. A Yawunde an ɗauki abin da wannan ma'ana. Firayim Minista Ahmadu Ahijo, Bafulatanin Garwa, wanda ƙasarsa za ta sami 'yanci ran 1 ga Janairun 1960, yana da dalilin sa rai: ƙarin jama'a daga arewa ƙarin ƙarfi ne gare shi a siyasar gida. Dokta Abdoh dai ya fi su natsuwa. A rahotonsa ya nuna cewa, bisa ga alama, yawancin masu ƙuri'a sun yi amfani da damar ne don nuna ƙin jininsu ga tsarin mulkin gargajiya da ake yi musu. Wannan fassara ita ce kwanaki suka gaskata, ko da yake ba ta da daɗin bugawa a babban shafi kamar ta farko.

Abin yabo ga Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, da gwamnatinsa shi ne sun karanta saƙon yadda yake, duk da zafin da ya yi musu. A cikin 1960 aka zare gundumomin amana daga ƙarƙashin En'e ta Adamawa, aka kafa musu nasu En'e-En'e, irin su ta Mubi da ta Chamba da ta Gashaka-Mambila, Gwoza ma aka raba ta da Dikwa, aka kawar da waɗansu hakimai da jama'a suka ƙi. Wannan ba ƙaramar asara ba ce ga fadar Lamido Aliyu Musdafa, wanda bai fi shekara bakwai a kan gado ba a lokacin: Turawa sun yanke wa kakanninsa gabas, yanzu ƙuri'a ta yanke masa arewa da kudu. Aka kuma yi wa mutanen alkawarin cewa in sun zaɓi Nijeriya za su sami lardi nasu na kansu, ba za a mai da su ƙarƙashin Yola ba. Ran 1 ga Oktoban 1960, da Nijeriya ta sami mulkin kai, aka raba mulkin yankin da nata, Ingila ta naɗa Sa Percy Wyn-Harris ya riƙe shi daga Mubi.

Ƙuri'a ta biyu ta zo ran 11 da 12 ga Fabrairun 1961. Wannan karon babu zancen dakatawa: ko Tarayyar Nijeriya, ko Jamhuriyar Kamaru. Jam'iyyun Nijeriya da suka yi ta yaƙar juna a 1959 suka haɗa kai wuri guda, domin Action Group, ko da ta so ta ga bayan NPC, ba ta so a ce da hannunta aka yanke wani yanki aka ba wata ƙasa. Suna kuma da hujja a hannu wadda ba sai sun ƙirƙira ba, watau yaƙin sunƙuru da 'yan UPC ke yi a kudancin Kamarun Faransa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kuma tsaya kai da fata sai mata sun yi ƙuri'a. Ta haka matan Mubi da Ganye da Bama suka riga matan Kano da Sakkwato shiga rumfar zaɓe da shekara 15, gama sauran matan Arewa sai a 1976 suka sami wannan dama.

Sakamako: Nijeriya 146,296, Kamaru 97,659. Kashi 60 da kashi 40 ke nan. A Kamaru ta Kudu kuwa abin ya juya, mutum 233,571 suka zaɓi Kamaru, 97,741 suka zaɓi Nijeriya.

A lura da wannan kashi 40. Littattafan makaranta sukan wuce shi da jimla guda, wai Kamaru ta Arewa ta zaɓi Nijeriya, kamar dai da murya ɗaya aka yi. Alhali mutum biyu cikin kowane biyar sun zaɓi tafiya, bayan duk gyare-gyaren da aka yi da alkawuran da aka ɗauka, a ƙasar Chamba ma masu son Kamaru ne suka yi rinjaye. Kalmar nan "jama'a" da 'yan jarida suke so ƙwarai, wai jama'a sun ce, jama'a sun ƙi, sau da yawa bargo ce da ake lulluɓe irin waɗannan dubbai da ita.

Wanda ya bi labarin ficewar Ingila daga Tarayyar Turai zai ga kamar an maimaita wasan ne da wasu 'yan wasa. Ran 23 ga Yunin 2016 kashi 51.9 suka zaɓi fita, kashi 48.1 suka zaɓi zama. Jaridun Landan sun ja layi tun da wuri: Sun da Daily Mail da Daily Express da Daily Telegraph suna kiran a fita, Guardian da Daily Mirror da Financial Times suna kiran a zauna. Masu son fita suka rubuta a jikin wata jar bas cewa ƙasar na aika wa Turai fam miliyan 350 kowane mako, hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta ce adadin yaudara ne, bas ɗin dai ta ci gaba da yawo. Masu son zama su ma ba su tsira ba, domin baitulmalin gwamnati ya yi hasashen tattalin arziki zai durƙushe nan take in aka zaɓi fita, hakan kuwa bai faru a lokacin da aka ce ba. Yawancin masana da 'yan kasuwar kuɗi sun kwanta da yaƙinin za a zauna, gari ya waye Firayim Minista David Cameron yana sanar da murabus. Ga ƙasa mai jaridu barkatai da kamfanonin auna ra'ayi da na'urori iri-iri, amma manyanta na Landan sun yi kuskuren da baƙin 1958 suka yi a zauren hakimi, sun saurari na kusa da su suka ɗauka sun ji ƙasa. Tsofaffin garuruwan masana'antu na arewacin Ingila, waɗanda suka daɗe suna ganin an yi watsi da su, su ne mutanen dutsen wannan labari. An tambaye su game da Turai, da yawansu suka ba da amsa game da Landan. Bambancin kawai, mutanen Mubi sun sami tambaya ta biyu bayan wata 15, aka kuma gyara abin da suke kuka da shi kafin a sake tambayarsu; Ingilishi kuwa da amsar farko aka yi musu aiki, suka fita ran 31 ga Janairun 2020.

Game da maƙwabtanmu na Sahel, lamarin ya fi duhu, gama ko amsar farko ba a nema ba. Taron dubban mutane a filin wasa na Yamai shaida ce cewa akwai masu goyon baya da yawa, amma taro ba ƙidaya ba ne, wanda ya zauna a gida ba a ɗaukar hotonsa. Hukumomin Nijar sun dakatar da RFI da France 24 a watan Agustan 2023, suka dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024. Kafofin Faransa kuwa, kowa ya san ƙasarsu tana da abin da ta rasa a wannan rigima. Mai sauraro a Jimeta da ke jujjuya akwatin rediyonsa, ko yake duba saƙonnin da ake turo masa ta WhatsApp, yana tsakanin masu magana biyu ne da kowannensu ke da riba a cikin abin da zai gaskata. Ɗan kasuwar da ke kai kaya Maraɗi ko Diffa ya fi su duka sanin abin da rufe iyaka ya jawo a 2023, sai dai shi ba a cika kiransa a shirin tattaunawa ba.

Gwamnatin Ahijo ba ta haɗiye sakamakon 1961 cikin sauƙi ba. Ta yi ƙorafin cewa Ingila ba ta raba mulkin yankin da na Nijeriya da gaske ba, an kuma takura wa masu yi mata kamfe. Babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da sakamakon ran 21 ga Afrilu, ran 1 ga Yuni kuma aka miƙa yankin ga Nijeriya, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna, hedkwata a Mubi. A Kamaru aka mai da wannan rana ta makoki. Ƙarar da suka kai Ingila gaban Kotun Duniya ta ƙare ran 2 ga Disamban 1963, kotu ta ce ba za ta yanke hukunci ba tun da amanar ta riga ta ƙare, hukuncin ba zai canja kome ba.

Masu son nuna cewa wani ɓangare ya yi dabara wani ya yi wauta sukan kawo abin da ya biyo baya. Sukan ce ga Kamaru ta Kudu, wadda ta shiga bisa sharaɗin tarayya, Ahijo ya soke tarayyar a 1972, kuma tun daga 2016 yankin ya faɗa cikin rikicin da ya koro dubban mutane zuwa Kuros Riba da Binuwai da Taraba. Gaskiya ne. Amma a ƙarshen Oktoban 2014, da 'yan Boko Haram suka kama Mubi, mutanen garin wasu Yola suka nufa, wasu kuwa duwatsu suka hau suka tsallaka Kamaru neman mafaka, wurin dangin da iyaka ta raba su da su. Babu mai ƙuri'a a 1961, ko mai rubuta sharhi, da ya hango ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Shi kansa alkawarin lardi na dabam shekara 15 ya yi. A 1967 Lardin Sardauna ya shiga Jihar Arewa maso Gabas, ana mulkinsa daga Maiduguri. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta ƙirƙiro Jihar Gongola, ta haɗa mafi yawan tsohon lardin da na Adamawa, ta sa hedkwata a Yola, ba a kuwa kafa akwati an tambayi kowa ba. A 1991 aka raba Gongola, Gashaka da Mambila suka bi Taraba, inda har yanzu ƙaramar hukumar Gembu take amsa sunan Sardauna. Mubi da Michika da Madagali da Ganye da Jada suka zauna a Adamawa, sarakunan Mubi da Ganye da sandunansu na kansu, 'yan majalisarsu kuma suna zuwa Yola zaman majalisa.